Maganata a Bakin Hanne

Wasunku sun ce na cika zargi, wai ni Lauratu ko ruwa aka miƙo min sai na leƙa ƙasan kofi. Na ji, ban kuma musa ba. Amma ku bari in gaya muku abin da ya faru daga Asabar zuwa jiya Juma'a tukuna.

Ga wanda yau ya fara bin labarina, ni 'yar Gaya ce, shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare, yanzu muna hutun damina. Wata bakwai ke nan Badruddeen yana zuwa wajena zance. Mutumin Gafasa ne ta ƙasar Ajingi, kakanninsa daga gabas suka zo, gidansu noma suke yi da fataucin hatsi. Shi kuwa a Kano yake aiki, a wani ɗan kamfani mai ƙera wasan gem, su bakwai a ɗaki ɗaya. Aikinsa shi ne rubuta labarin da ke cikin gem ɗin. Ranar da ya fara gaya min haka sai da na rufe baki da hijabi, don a sanina gem ƙwallo ce da harbe-harbe.

Ina son sa. Gara in faɗa tun yanzu, kada wata ta zo tana ce min dama can ba ya raina.

Ranar Asabar da safe, kafin Abba ya hau babur ya tafi gonarsa ta Balan, ya tsaya a bakin ɗakin Umma ya ce magabatan Badruddeen sun aiko suna neman ranar da za su zo. Ya ce ba zai ba su amsa ba sai ya ji daga bakina, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, a gaban Kawu. Abba ba ya yi wa 'ya'yansa dole, wannan kam shaida ce. Umma kuwa tun babur bai bar layinmu ba ta fara zancen kalar labule.

Ni kaɗai ce gabana ya faɗi, kuma ina da dalili.

Badruddeen yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana min susa a rai. Tambaya ɗaya sai ya yi min ita sau uku. Akwai ranar da ya ce, cikin dariya, idan aiki ya kai shi Abuja zan bi shi? Na ce ko Sakkwato ne. Bayan mako biyu ya zo fuska a ɗaure, ya ce min an gama magana, Abuja za mu zauna. Na ce Allah na tuba, ni kayan wanki ce da za a ƙulle a ɗora a mota ba shawara? Sai ya yi murmushi ya ce wasa yake. Ba a yi kwana goma ba ya sake turo min ita a waya, wannan karon da lallashi. Haka zancen makara. Wata Asabar ya zo ana shirin kiran magariba, ko sannu bai ce ba. Ta gaba ya sake makara, amma ya zo da ƙullin tsire da ban haƙuri. Ta uku ya zo da wuri, ya tambaye ni da bai zo ba sam me zan yi. Kuma duk sanda na faɗi wata magana mai ɗan gishiri, sai ya zaro waya ya danna-danna, ya ce wani abu ya tuna na wajen aiki.

Na taɓa kai wa Umma ƙorafi. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce na fiye tsirfa. Yaro yana sallah, yana durƙusawa har ƙasa ya gaishe ta, uwarsa Hajiya Fanta ta aiko mana da turaren wuta har sau biyu, me kuma nake nema? Ta ce wadda ta tsaya zaɓen tumun dare ita ta san abin da za ta ƙare da shi.

To a wannan Asabar ɗin da la'asar ya zo. Na fito da atamfata mai ruwan zuma da hijabi ruwan toka, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai ga Yaya Muzammil ya fito zai tafi shago. Yaya Muzammil wana ne, shi ke da gidan gem ɗin da ke bayan tasha, talabijin huɗu da janareta. Gaisuwa kawai ya tsaya yi, amma da yake su biyun ba sa haɗuwa ba su yi musu ba, sai ga shi ya ja benci.

Badruddeen ne ya taro ta. Ya ce gem ɗinsu ya kusa fitowa, kuma ogansu Mudassir ya rantse in ya fito duk mai ƙera gem a Arewa sai ya ajiye ƙwallo da bindiga ya koma labari, don su za su shata wa kowa hanya. Yaya ya ce Allah ya ba da sa'a, amma yaran da ke zuwa shagonsa zuwa suke su lallasa juna a ƙwallo su yi wa juna ba'a har gobe. Mai son labari ya je ya kunna fim. Ya ce wane irin gem ne mutum ɗaya zai riƙe hannun gem ɗin awa shida yana share hawaye, mutum goma na tsaye suna jira? Kuma wa ya naɗa mutum bakwai su yanke wa duk ƙasa abin da za ta buga? Badruddeen ya ce ai ƙwallon ma wasu ne suka zauna a ƙasar waje suka yanke masa ita, ya karɓa bai yi musu ba.

Yaya ya miƙe yana kaɗe rigarsa. "A ƙwallo, wanda ya ci shi ya ci, ba wanda ya rubuta masa. Naku kuwa kun riga kun rubuta komai. Mai bugawa yana zaton shi yake zaɓa, alhali ku kuke jan sa da igiya."

Ban san dalili ba, maganar nan ta tsaya min a wuya. Badruddeen kuwa ko a jikinsa. Ya zaro wani ɗan filashi daga aljihun gaba ya miƙa masa, ya ce gem ɗinsu ne a ciki, na gwaji, bai kammala ba, ya buga shi kaɗai sannan su sake magana.

Lahadi, Litinin, Talata, Yaya Muzammil bai yarda mun haɗa ido ba. Mutumin da kullum sai ya tsokane ni da malamar a-ba-ca-da, ya koma in na kai masa abinci sai ya ce ajiye kawai. Ruwa ba ya tsami banza. Ranar Laraba da hantsi saƙonsa ya shigo: "Ki zo shago yanzu. Ki ce wa Umma wajen tela za ki."

Na zura doguwar riga baƙa, na ɗora hijabin sallata, ko hoda ban shafa ba na tari adaidaita. A irin lokacin shagon ba kowa, yara duk suna gona. Ya tayar da janareta, ya sauke labule, ya miƙo min hannun gem ɗin ya nuna min inda zan danna. Ya ce ni ce saurayin, sunana Anas, zance zan je.

Abin da na fara gani shi ne ƙofar gidanmu. Koren get mai tsatsa daga ƙasa, darbejiya a dama, har da bencin da ƙafarsa ɗaya ta gaje aka tokare da bulo. Sai ga yarinya ta fito da tabarma, wai ita Hanne. Ba ta yi kama da ni a fuska ba, ta fi ni haske, ta fi ni hanci. Amma da ta zauna sai ta kama bakin hijabinta tana naɗewa a yatsa. Na dubi hannuna, abin da nake yi ke nan.

A ƙasan allon maganganu uku suka fito, in zaɓi wadda Anas zai faɗa. Ta farko tambayar Abuja cikin wasa, ta biyu a ɗaure, ta uku da lallashi. Na danna ta biyu. Kafin Hanne ta buɗe baki na riga ta, na ce, "Allah na tuba, ni kayan wanki ce?" Sai ga muryar wata yarinya ta maimaita shi daga sifika, ba ragi ba ƙari.

Yaya ya juya yana goge talabijin ɗin da ba ƙura a jikinsa.

Na yi ta dannawa kamar wadda aka yi wa asiri. Makara ba haƙuri, makara da tsire, zuwa da wuri, duk suna nan. Abin da na faɗa ranar da na yi fushi, da wanda na faɗa ranar da kunya ta hana ni ɗagowa. Wata bakwai na rayuwata an jera su reshe-reshe. In ka bi ta nan Hanne ta yi dariya, in ka bi ta can ta tashi ta naɗe tabarma. Sai a lokacin na gane dalilin tambaya sau uku: kowane reshe yana bukatar amsarsa.

Har zuwa nan, wallahi da zan iya haɗiyewa. Har wata zuciyar tana ce min ai so ne, wa zai tsaya ya adana maganarki haka in ba mai ƙaunarki ba? Sai Yaya ya ce akwai wani waje da yake so in gani, amma in ba zan iya ba mu bari. Na ce ya nuna min.

A wajen, ban da maganganu ukun akwai ta huɗu, 'yar ƙarama a ƙasa: "Ka yi shiru." In ka zaɓe ta sai ka riƙe maɓallin minti guda cur ba ka saki ba. Na riƙe. Anas ya sunkuyar da kai. Hanne ta dube shi, ta kau da kai, ta sake dubansa, sannan ta fara magana a hankali. Ta ce yayarta ta rasu shekara uku da suka wuce. Ta ce har yau layin wayar yayar yana hannunta a cikin wata tsohuwar waya a ƙasan akwati, tana sa masa kati don kada a rufe shi. Duk abin da ya same ta sai ta tura mata saƙo, sannan ta buɗe akwatin ta ga ya shiga.

Yaya Naja'atu ce. Ita nake bi, wajen haihuwa ta rasu. Maganar layin nan ba wanda ya san ta a duniya, ko Umma da muke kwana gida ɗaya. Mutum ɗaya na taɓa gaya wa, wata ranar da ya zo ya zauna ya yi shiru mai tsawo, har na ɗauka damuwata ce ta taɓa shi. A ranar na ce a raina wannan shi ne mijina, don ya iya shiru. Yarinyar da suka ɗauko ta yi muryar ma ta fi ni iya kukan.

"Da gaske layin Naja yana wajenki?" in ji Yaya, bai juyo ba.

Na ce e. Ya ɗaga kai yana kallon rufin kwano. Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, a gem ya ji sirrina. Gobe kuma yaran tasha za su ji, su ga koren get, su ga darbejiya, kafin la'asar magana ta isa kunnen Umma.

Na tambaye shi yadda labarin ya ƙare. Ya karɓi hannun ya kai ni ƙarshe. Mahaifin Hanne ya tsaya a bakin ƙofa ya ce yana so ya ji daga bakinta. Ni na taɓa gaya wa Badruddeen halin Abba, ya san haka zai ce. Daga nan allo ya yi baƙi, aka rubuta ana kan aiki. Ba a rubuta gaba ba, don gaban bai faru ba tukuna.

Abin da ya hana ni sukuni a hanyar gida shi ne, ɓarawo ba ya ɗaukar kayan sata ya miƙa wa mai gida. Badruddeen da hannunsa ya ba Yaya filashin. Ko dai bai ga laifin abin ba, ko kuma yana so ya ga yadda zan yi in na gani. Na rasa wanne ya fi muni.

Na tura masa saƙo ya zo Alhamis. Ya amsa da alamar zuciya har uku.

Ya zo da la'asar sakaliya, cikin farar shadda, ƙafar wandon duk taɓon hanyar Ajingi. Ban shimfiɗa tabarma ba, a tsaye na tare shi. Da na ce na buga gem ɗin sai fuskarsa ta washe. Ya ce kash, Yaya ya ɓata masa shiri, so ya yi ya zama kyautar aurenmu. Ya ce ya yi wata biyu yana ƙirƙirar maganar Hanne ba ta yi rai ba, sai da ya haɗu da ni. Duk wanda ya buga a ofis sai ya ce ina ya samo yarinyar nan.

Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Ranar da ka yi shiru, na gaya maka zancen Yaya Naja'atu. Don ni ka yi, ko don gem?"

Na ba shi lokaci, don ni ma yanzu na san amfanin shiru.

"Duka biyun," ya ce. "Lauratu, ba zan miki ƙarya ba."

Da ƙaryar ya yi min da na fi jin daɗi. Na ce to ya cire wajen. Sai ya fara kame-kame. Wai Oga Mudassir ya riga ya nuna wa masu tallafa musu, kuma wajen nan ne ya sa suka amince. Wai ogan ya ce shi ne zuciyar gem ɗin, shi ne zai sa kowa ya gane gem ya wuce ƙwallo, bayan shi ba wanda zai sake ƙera gem ba labari. Yanzu abin ba nasa ba ne shi kaɗai, mutum shida sun dogara da shi. Ya ce in duba, dubban mutane za su yi kuka, su yi wa yayata addu'a ba su ma san ta ba.

Na ce, "Wa ya gaya maka ina neman 'yan gidan gem su yi mata kuka? Ta wa ce, tawa ko ta oganku?"

Idonsa ya kaɗa, wannan ban isa in ce na ƙarya ba ne. Ya ce zai yi magana da ogan, zai yi iya ƙoƙarinsa, in ba shi lokaci. Amma ina cikin maganar nan na ga hannunsa ya nufi aljihun da waya take, ya taɓa, sannan ya janye da sauri ya haɗe hannayensa a baya. Na ce ya gaida Hajiya, na shige gida.

Jiya Juma'a Umma ta tashe ni da aiki tun safe. Ta sa na yi wa Kawu dambun shinkafa da zogale, ta fito min da leshina mai ruwan hoda wanda ban sa ba tun sallah, har turaren Hajiya Fanta ta turara min a hijabi. Tana ɗaura min ɗankwali tana ce min ba sai na yi wata doguwar magana ba, in sunkuyar da kai kawai, manya sun san ma'anar shirun budurwa.

Aka sauko daga masallaci. Abba da Kawu suka zauna a kan darduma a falon Abba, Umma ta rakuɓe daga bakin ƙofa, ni kuma na durƙusa a gefe. Kawu ya yi addu'a, ya yabi gidan su Badruddeen, ya ce ya sa an bincika har Gafasa ba a samu abin faɗa ba. Sannan Abba ya kira sunana, ya ce mutanen nan suna jira, in sa musu rana?

Na sunkuyar da kai. Wallahi ina son sa a wannan lokacin kamar yadda nake son sa jiya da shekaranjiya. Shirun nan ba wuya, ba abin da zan yi sai in bar shi ya yi tsawo. Na ji Kawu ya gyara zama, na ji ya fara cewa to alhamdu.

"Abba, a ba su haƙuri."

Umma ta saki salati ƙasa-ƙasa. Abba ya tambaye ni ko yaron ya yi min wani abin da addini ya hana, na ce a'a. Ko akwai wani ne, na ce babu. Kawu ya ce to ai ba a mayar da mutanen kirki ba dalili. Ba zan iya faɗar dalilin a gaban Umma ba sai na tono zancen layin, don haka na faɗi iya abin da zan iya. Na ce ba zan iya zama da mutumin da ban san lokacin da yake saurarona da lokacin da yake bakin aiki ba. Kawu bai gane ba, ya dubi Abba. Abba ya dube ni ya ce shi ke nan, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, in tashi in je.

Umma ba ta sake yi min magana ba. Ta kwashe kwanukan da kanta, da na miƙa hannu zan karɓa ta kauce.

Kafin la'asar labari ya kai wa Badruddeen, ina jin Kawu ne ya kira babansa. Saƙon murya ya shigo, minti huɗu da wani abu. Na rufe ɗaki na kara a kunne. Ban taɓa jin namiji yana kuka haka ba. Ya ce ya cuce ni ya cuci kansa. Ya ce ranar Litinin zai je ya ce wa ogan ko a cire wajen ko ya ajiye aikin, ya dawo Gafasa ya kama fartanya. Ya ce gem ɗin banza, ni yake so, kuma tun ranar farko ni yake so.

Na yi kuka har ɗankwalin da Umma ta ɗaura min ya zame. Na ce Lauratu kin yi gaggawa, mutum ya yi kuskure ya gane, me ya rage? Abba yana falo bai fita ba tukuna, in na je yanzu na durƙusa na ce na janye maganata, zai saurare ni. Na share fuska, na zura hijabi, har na sa takalmi ƙafa ɗaya, sai wayar ta sake motsi. Rubutu ne wannan karon.

"Ki yi haƙuri da tambayar nan, don Allah. Da Abba ya tambaye ki, nan take kika amsa ko sai da kika ɗan yi shiru? Kuma da wace kalma kika faɗa musu?"

Na daɗe a tsaye ina kallon saƙon. Sannan na zare takalmin, na cire hijabin na rataye shi a ƙusa.